Na'urar 3D: Me ya sa aiki ke ƙin kama faranti?

Na'urar ɗab'i ta 3D, wadda ke ƙera abubuwa daga zanen da aka yi a kwamfuta, ta daɗe da fita daga manyan masana'antu ta shiga makarantu da asibitoci da ƙananan shagunan gyara.

Da ita ake yin hannun roba ga waɗanda suka rasa gaɓa, da kayan gyaran injuna da aka daina sayarwa a kasuwa, da samfurin gine-gine. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, an yi amfani da ita wajen ƙera garkuwar fuska ga ma'aikatan jinya a ƙasashe da dama.

To sai dai akwai wata matsala da kusan duk mai amfani da na'urar ke cin karo da ita, wato aikin ya ƙi kama farantin da ake gina shi a kai.

Idan hakan ta faru, aikin da aka shafe sa'o'i goma ko ashirin ana yi kan koma tarin zare kamar taliya, a yi asarar roba da wutar lantarki da lokaci. A wasu lokutan ma narkakkiyar robar kan dunƙule a bakin na'urar, ta lalata wayoyinta.

Ga bayani kan musabbabin matsalar, da kuma hanyoyin da ake bi wajen magance ta.

Yaya na'urar take aiki?

Nau'in da ya fi yawa a hannun jama'a yana amfani ne da zaren roba mai kaurin milimita 1.75, wanda ke zuwa a naɗe a jikin kwarkwaro.

Na'urar tana jan zaren zuwa wani ɗan bakin ƙarfe mai zafi, wanda faɗin raminsa yawanci milimita 0.4 ne. A nan robar ke narkewa, bakin kuma ya riƙa zagayawa yana shimfiɗa ta a kan faranti bisa siffar da aka zana.

Idan ya kammala shimfiɗa ɗaya, sai ya ɗan ɗaga ya ɗora wata a kanta, kamar yadda mai ginin tukwane ke ɗora yumɓu hawa-hawa. Kaurin kowace shimfiɗa kan kasance kimanin milimita 0.2, don haka abin da tsayinsa ya kai santimita 10 yana buƙatar shimfiɗa 500.

Dukkan waɗannan shimfiɗu suna dogara ne da ta farko. Ita kaɗai ce ke taɓa faranti, kuma ita ke riƙe da aikin a wuri guda yayin da bakin na'urar ke kai da komowa a kansa.

Na'urori da yawa ba su da hanyar gane cewa aikin ya gusa. Idan ya saki, za su ci gaba da zubo roba a iska har sai an kashe su.

Daga ina fasahar ta samo asali?

Wani injiniya Ba'amurke, Scott Crump, shi ne ya ƙirƙiro wannan hanya a ƙarshen shekarun 1980, kuma shi da matarsa Lisa suka kafa kamfanin Stratasys a jihar Minnesota a shekarar 1989.

Na'urorin kamfanin na masana'antu ne, masu tsadar dubban daloli. Ana gina aiki a cikinsu ne a rufaffen akwati mai zafi, abin da ya rage matsalar sakin faranti ƙwarai.

A shekarar 2005, Dokta Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Birtaniya ya ƙaddamar da shirin RepRap, da nufin samar da na'ura mai araha wadda za ta iya ƙera yawancin sassan jikinta, kuma ya bar zanenta kyauta ga kowa.

Da haƙƙin mallakar Mista Crump ya ƙare a shekarar 2009, ƙananan kamfanoni irin su MakerBot a birnin New York suka fara sayar da na'urori ga jama'a. Zuwa shekarar 2018, lokacin da kamfanin Creality na ƙasar Sin ya fito da samfurin Ender 3, farashin ya sauko zuwa kimanin dala 200.

Amma araha ta zo da nata cikas. Yawancin waɗannan na'urori a buɗe suke, babu akwati mai zafi, don haka iskar ɗaki ke bugun robar kai tsaye. Tun daga wannan lokaci batun kama faranti ya zama babban ciwon kai ga masu amfani da su.

Me ke sa aikin ya saki?

Babban dalili shi ne tsukewa. Roba, kamar yawancin abubuwa, tana buɗewa idan ta yi zafi, tana kuma tsukewa idan ta huce.

Robar tana fitowa daga bakin na'ura da zafin da ya kai digiri 200 ko fiye a ma'aunin Salshiyas, sannan ta huce zuwa zafin ɗaki. Kowace sabuwar shimfiɗa tana sauka ne a kan wadda ta riga ta fara hucewa, kuma yayin da take tsukewa sai ta riƙa jan ta ƙasa zuwa ciki.

Wannan jan yana taruwa hawa bayan hawa, kuma ya fi tsanani a kusurwoyi. Idan ya fi ƙarfin riƙon da ke tsakanin roba da faranti, sai kusurwa ta ɗaga, ƙasan aikin ya lanƙwashe.

Ana iya kwatanta lamarin da ɗanyar fatar da aka shanya. Idan ba a kafe gefunanta da turaku ba, tana bushewa tana nannaɗewa daga baki.

Alal misali, abin da aka yi da robar ABS mai tsawon santimita 20 zai iya tsukewa da kimanin milimita ɗaya kafin ya huce gaba ɗaya. Wannan kaɗai ya ninka kaurin shimfiɗar farko sau biyar.

Shi ya sa manyan abubuwa masu faɗi da kusurwoyi masu kaifi suka fi saurin ɗagawa, yayin da ƙanana masu siffar da'ira ba su cika ba da wahala ba.

Abubuwa masu tsayi da siririn gindi kuwa matsalarsu daban ce. Wurin da suke taɓa faranti kaɗan ne, don haka ɗan gogar da bakin na'ura zai yi musu kan isa ya tuntsurar da su.

Tazara tsakanin baki da faranti

Abu na farko da ake dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin bakin na'ura da faranti.

Ba a son robar ta faɗo a kan faranti kawai. Ana son bakin ya ɗan danne ta, ta yadda zaren zai baje ya shiga ƙananan ramukan da ke fuskar farantin, ya kuma haɗe da zaren da ke gefensa.

Idan bakin ya yi nisa, zaren kan fito a mulmule, a ga ratsi tsakanin layi da layi, kuma da an taɓa da yatsa sai ya tashi.

Idan kuma ya matso da yawa, shimfiɗar kan yi siriri har a riƙa hango faranti, a ga tudu-tudu a samanta, ko a ji injin da ke tura zare yana ƙas-ƙas saboda robar ta rasa mafita. Bakin ma yana iya karce farantin.

Dole ne kuma tazarar ta zama ɗaya a ko'ina. Abin da ake nufi da daidaita faranti shi ne ya yi daidai da hanyar da bakin ke bi, ko da teburin da na'urar ke kai ya ɗan karkace.

Hanyar da aka saba bi ita ce ta takarda. Takardar rubutu ta yau da kullum kaurinta kimanin milimita 0.1 ne. Ana zura ta tsakanin baki da faranti a kowace kusurwa, ana murza notin da ke ƙasa har sai an ji takardar tana ɗan gogawa amma tana motsi.

Ana yin hakan ne bayan farantin ya yi zafi, domin ƙarfe ma yana buɗewa. Ana kuma zagaya kusurwoyin sau biyu ko uku, saboda taɓa ɗaya yana shafar sauran.

A shekarar 2015 wani kamfanin Koriya ta Kudu, Antclabs, ya fito da BLTouch, wani ɗan tsinke da ke taɓa faranti a wurare da dama ya auna tudu da kwarinsa, na'urar kuma ta riƙa gyara tafiyarta bisa awon.

Sababbin na'urori, kamar MK4 da kamfanin Prusa Research na birnin Prag ya fitar a shekarar 2023, suna yin awon ne da bakin kansa ta hanyar jin nauyin taɓawa. Wannan ya rage aikin hannu, amma idan akwai busasshiyar roba a bakin, awon kan iya yin kuskure.

Tsabtar faranti

Dalili na biyu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne datti.

Fatar ɗan Adam tana fitar da maiƙo, kuma duk lokacin da aka taɓa faranti da hannu ana barin wani ɓangare nasa a kai. Ido ba ya ganinsa, amma ya isa ya shiga tsakanin roba da faranti.

Sau da yawa idan aiki yana ɗagawa a wuri guda kullum, akan tarar nan ne ake kama farantin da yatsu.

Ana goge faranti da sifirit na isopropyl mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko fiye, da tsumma mai tsabta, bayan farantin ya huce. Idan yana da zafi, sifirit ɗin kan bushe kafin ya narkar da maiƙon.

Lokaci-lokaci kuma ana cire farantin a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun ruwa na wanke-wanke, domin sifirit kan baza maiƙo a maimakon ya ɗauke shi idan ya yi yawa. Ba a amfani da sabulun wanka, saboda galibi akwai mai a cikinsa.

Ƙura ma tana yin irin wannan illa. A yankunan da hunturu ke kawo hazo, kamar arewacin Najeriya da Nijar, farantin da aka bari a buɗe kan lulluɓe cikin yini guda, don haka ya kamata a rufe na'urar idan ba a aiki, a kuma goge kafin a fara.

Zafi

Dalili na uku shi ne zafin faranti. Kowace roba tana da matakin zafin da take fara laushi, kuma ana ɗumama faranti zuwa kusa da wannan mataki domin shimfiɗun ƙasa kada su tsuke da wuri.

Robar PLA, wadda ake samarwa daga sitacin masara ko rake, ita ce mafi sauƙin sarrafawa. Ana narkar da ita a digiri 190 zuwa 220, farantin kuma ya kasance a digiri 50 zuwa 60.

Robar PETG, 'yar uwar wadda ake yin gorar ruwan sha da ita, tana buƙatar digiri 230 zuwa 250 a baki, da kuma 70 zuwa 85 a faranti.

Robar ABS, irin wadda kamfanin Lego ke yin tubalan wasan yara da ita, tana fara laushi ne a kimanin digiri 105. Tana buƙatar faranti mai zafin digiri 100 zuwa 110, kuma da wuya a yi babban abu da ita ba tare da an rufe na'urar a akwati ba.

Ƙara zafi fiye da kima ba ya ƙara riƙo. Idan farantin ya wuce matakin laushin robar, gindin aikin kan baje ya kumbura, abin da masu sana'ar ke kira ƙafar giwa.

Ya kamata a lura cewa ma'aunin zafin yana ƙarƙashin faranti ne. Saman farantin, musamman na gilashi mai kauri, kan ɗauki wasu mintuna kafin ya kai zafin da allon na'ura ke nunawa, don haka ana ɗan jinkirtawa kafin a fara.

Iska ma abokiyar gaba ce. Fankar sama, ko na'urar sanyaya ɗaki, ko taga a buɗe, kan sa ɓangare ɗaya na aikin ya huce kafin ɗaya. Ita kanta ƙaramar fankar da ke jikin bakin na'ura ana kashe ta a shimfiɗun farko.

Ɗaukewar wutar lantarki kuwa tana da illa ta musamman. Na'urori da dama suna iya ci gaba daga inda suka tsaya idan wuta ta dawo, amma idan farantin ya riga ya huce, aikin kan saki da kansa, kuma ba za a iya mayar da shi daidai wurinsa ba. Shi ya sa a wuraren da wuta ba ta da tabbas ake haɗa na'urar da batir ko inbata.

Wane irin faranti ya fi?

Babu faranti guda da ya dace da kowace roba, kuma abin da ake nema yana da ɗan sarƙaƙiya: ya riƙe da ƙarfi idan yana da zafi, ya kuma saki cikin sauƙi idan ya huce.

A farkon shekarun RepRap, ana liƙa shuɗin salatif na masu fenti a kan faranti domin PLA. Domin ABS kuwa ana amfani da Kapton, wani salatif mai ruwan zuma da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a shekarun 1960, wanda ke jure zafi har ana amfani da shi a kumbunan sama jannati.

Daga baya gilashi ya samu karɓuwa, saboda a miƙe yake, yana kuma ba ƙasan aikin sheƙi. Idan ya huce, robar kan tsuke fiye da shi, sai aikin ya saki da kansa.

A yau abin da ya fi yawa shi ne siririn faifan ƙarfe mai lanƙwasuwa, wanda aka lulluɓe da wata roba mai suna PEI, kuma maganaɗisu ke riƙe da shi. Kamfanin General Electric ne ya fara sayar da PEI a shekarar 1982, kamfanin Prusa Research kuma ya taimaka wajen yaɗa irin wannan faifai da samfurinsa na MK3 a shekarar 2017.

Idan an gama aiki, sai a cire faifan a ɗan lanƙwasa shi, aikin ya ɓalle. Wannan ya rage amfani da wuƙar kankara, wadda ta sha yanke mutane a hannu.

Wasu robobin suna da zaɓi. Nailan ya fi kama wani allo da ake yi da zaren gilashi da ƙaro, yayin da robar polypropylene ba ta cika kama komai ba sai 'yar uwarta, don haka ake liƙa mata salatif ɗin ɗaure kwali, wanda da ita aka yi shi.

Gam da sauran dabaru

Mutane da yawa kan fara da shafa gam da zarar aiki ya ƙi kamawa. Gam ɗin sanda na 'yan makaranta yana aiki, haka ma feshin gashi, idan an shafa kaɗan kuma ya bazu daidai.

Masu aiki da ABS kan narkar da guntayenta a cikin sinadarin acetone su shafa a gilashi. Sinadarin yana kama wuta da sauri, kuma ABS kanta tana fitar da tiriri mai wari idan ta narke, don haka ana buƙatar ɗaki mai samun iska.

To amma gam ba ya gyara tazarar da ba ta yi daidai ba. Idan ya taru ya yi kauri ma, shi kansa kan zama matsala.

Akwai kuma dabarun da ake yi a cikin manhajar da ke yanka zane hawa-hawa, irin su Cura da PrusaSlicer. Ana rage gudun shimfiɗar farko zuwa kimanin milimita 20 a daƙiƙa, a kuma ɗan ƙara mata kauri da faɗi.

Ana iya sa manhajar ta kewaye gindin aikin da siririn gefe mai faɗi, kamar bakin malafa, domin ya ƙara wurin riƙo. Bayan an gama sai a ɓare shi.

Idan farantin ya lalace ko gindin aikin ba shi da faɗi, ana iya fara shimfiɗa wata tabarmar roba mai hawa uku ko huɗu, a gina aikin a kanta. Wannan yana cin roba da lokaci, yana kuma barin ƙasan aikin da kaushi.

Mai zane ma yana da rawar takawa. Idan ya mayar da kusurwoyi masu kaifi zuwa masu lanƙwasa, ko ya kwantar da abin a kan gefensa mafi faɗi, ya rage wahalar tun kafin a kunna na'ura.

Idan ya kama fiye da kima fa?

Matsalar tana da ɗaya fuskar. Robar PETG da roba mai laushi ta TPU kan kama PEI mai santsi da ƙarfin da zai iya yage shi, kuma PETG kan ɓallo ɓarɓashin gilashi idan aka yi mata ƙarfi.

A nan ma ana shafa gam, amma domin ya shiga tsakani ya sauƙaƙa rabuwa. Wasu kuma kan yi amfani da faifai mai kaushi. A kowane hali, ana jira farantin ya huce kafin a cire.

Hatta hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gamu da wannan. A watan Nuwamban 2014, ɗan sama jannati Barry Wilmore ya ciro abu na farko da aka taɓa bugawa a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, da na'urar kamfanin Made In Space, kuma hukumar ta bayyana cewa ya kama farantin fiye da yadda aka yi tsammani.

A na'urorin masana'antu masu narkar da garin ƙarfe da hasken leza, aikin yana haɗewa ne da farantin kamar an yi walda, saboda tsukewar ƙarfe tana da ƙarfin gaske. Sai an sa zarto ko wata waya mai yanka da lantarki ake raba su.

Me ya kamata a fara dubawa?

Idan aiki ya saki, tsarin da ya fi sauƙi shi ne a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A wanke faranti, a duba tazara, a tabbatar zafin ya dace da irin robar, sannan a kare na'urar daga iska.

Sai idan waɗannan sun gaza ake komawa ga bakin malafa, ko gam, ko sayen sabon faranti.

Ana sauya abu ɗaya ne a lokaci guda, a gwada da ɗan ƙaramin murabba'i mai shimfiɗa ɗaya, wanda ba ya wuce 'yan mintuna. Idan aka sauya abubuwa uku tare, ba za a san wanda ya yi maganin ba.

Hausawa kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masu ƙwarewa a sana'ar ba sa barin wurin sai sun ga shimfiɗar farko ta kwanta sumul, layi ya haɗe da layi, kusurwoyi kuma sun zauna.

Ko bayan haka, kamfanonin da ke ƙera na'urorin suna ba da shawarar kada a bar su suna aiki babu mai lura, ganin cewa akwai sassa masu zafin sama da digiri 200 a jikinsu.